Yadda ake koya wa kwamfuta kwaikwayon "damin" ƙwayoyin zarra, da inda ɗaliban arewacin Kamaru za su iya shiga

Dare da rana, wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani suna ratsa rufin kwanon gidajen Garwa, su ratsa mutanen da ke ciki, su nutse cikin ƙasa ba tare da kowa ya ji ba. Masana kimiyyar fiziks suna kiransu miyon. A ƙiyasi, kusan guda ɗaya ke ratsa tafin hannun mutum a kowane sakan. Daga sama suke fitowa: ƙwayar furoton mai tsananin gudu takan taso daga sararin samaniya ta bugi iska a can nisan kilomita 15 ko fiye, bugun ya haifi sababbin ƙwayoyi, su ma su bugi wasu, har abin da ya fara da guda ɗaya ya zama dubbai ko miliyoyi kafin ya iso ƙasa. Bafaranshen masani Pierre Auger ne ya nuna girman wannan al'amari a 1938, lokacin da ya ga na'urori biyu da ya ajiye nesa da juna suna kama ƙwayoyi a lokaci guda.

Da Faransanci ana kiran wannan yaɗuwa "gerbe", wato dami, irin na gero ko dawa: a tsuke yake a gindi, ya baje a kai. Sunan ya dace, don haka da shi za a ci gaba a nan. Wannan damin ne ya zama babban ciwon kai ga dubban masana da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN, kusa da birnin Janeba, a kan iyakar Faransa da Suwizalan. Damin da ke damunsu na cikin na'urorinsu ne, da kuma na cikin kwamfutocinsu, wanda ya fi cin kuɗi. Maganin da suka koma wa a 'yan shekarun nan shi ne irin basirar na'ura da ke zana hotunan mutanen da ba a taɓa haihuwa ba.

Me ya sa ake kwaikwayo tun farko?

A ƙarƙashin ƙasa, a zurfin kusan mita 100, CERN tana da wani rami mai zagaye da tsawonsa ya kai kilomita 27. Ana kiran na'urar da ke ciki LHC. Aikinta shi ne ta koro furoton ta hannu biyu da gudu dab da na haske, ta haɗa su karo. Ayarin furoton na gamuwa da juna har sau miliyan 40 a sakan guda. A wuraren karon an gina manyan na'urorin ganowa. Ɗaya daga cikinsu, ATLAS, tsawonta mita 46, tsayinta mita 25, nauyinta tan 7,000. Ita da takwararta CMS ne suka sanar da gano ƙwayar Higgs a ranar 4 ga Yulin 2012.

Waɗannan na'urori ba sa ganin ƙwaya kai tsaye. Sawunta suke gani. Daga cikin sassansu akwai wanda ake kira kalorimita, ma'aunin ƙarfin ƙwaya. Dabararsa ita ce a tare ƙwayar da abu mai nauyi har ta farfashe ta zama dami, sannan a auna abin da damin ya zubar. A ATLAS an jera faifan dalma, a tsakaninsu an zuba iskar argon da aka sanyaya har ta zama ruwa, a sanyin kusan digiri 185 ƙasa da sifili. A bayan wannan kuma akwai wani sashe na ƙarfe da roba mai walƙiya. CMS ta bi wata hanya, ta yi amfani da duwatsu masu kama da gilashi fiye da 75,000.

Idan ilektoron mai ƙarfi ya shiga dalma, ba ya wuce milimita 6 kafin ya zubar da mafi yawan ƙarfinsa ta hanyar fitar da ƙwayoyin haske, wato foton. Foton ɗin ya yi 'yar tafiya ya rabu biyu, ilektoron da kishiyarsa fozitoron. Kowannensu ya sake fitar da foton. Ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, huɗu takwas. Ilektoron mai ƙarfin GeV 100, kamar yadda ake auna shi, yakan ninka kusan sau 14 ta wannan sauƙaƙan lissafi, ya bar ƙwayoyi fiye da dubu goma kafin ƙarfin kowacce ya yi ƙasa har ta daina haihuwa. Duka wannan yana faruwa cikin tsawon da bai fi kamu ɗaya ko biyu ba.

To, idan na'ura ta nuna wani tabo na wuta a wani lungu, ta yaya za a san foton ne na gaske, ko wata ƙwaya ce ta yi shigarsa? Ta yaya za a san kashi nawa na ƙarfin ya ɓace a cikin dalmar ba a auna ba? Hanyar ita ce a gina na'urar gaba ɗaya a cikin kwamfuta, da kowane ƙusa da kowace waya, a harba mata ƙwayoyin da aka san asalinsu, a ga irin sawun da za su bari. Sai a kwatanta da na zahiri. Kusan kowane sakamako da ke fitowa daga LHC ya ratsa ta wannan kwatanci, kuma bincike da yawa na buƙatar karon kwaikwayo ya fi na gaske yawa.

Malamin da ba ya gaggawa

Manhajar da ke wannan aiki sunanta Geant4. An fitar da ita a 1998, kuma kyauta ce ga kowa. Tana bin kowace ƙwaya taki-taki. A kowane taki tana jefa ƙuri'a bisa dokokin fiziks: ƙwayar za ta ci gaba, za ta karkace, za ta haihu, ko za ta tsaya? Wannan salon jefa ƙuri'a ana kiransa Monte Carlo, sunan unguwar gidajen caca ta ƙasar Monako. Idan ƙwaya ta haifi biyu, manhajar ta ajiye ɗaya, ta bi ɗayar har ƙarshe, ta dawo ta ɗauki wadda ta ajiye. Kamar a sa mutum ɗaya ya bi kowane tsaba na damin gero ya rubuta inda ta faɗi.

Sakamakon yana da inganci ƙwarai, domin an shafe shekaru ana gyara Geant4 da gwaje-gwajen zahiri. Amma karo guda na ATLAS kan ci mintoci a kwamfuta, kuma ana buƙatar biliyoyi. Gwargwadon ƙarfin ƙwaya, gwargwadon yawan 'ya'yanta, gwargwadon lokacin da za a ɓata. ATLAS ta bayyana cewa kwaikwayon na'ura ya riƙa cin kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfin kwamfutocinta, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na wannan lokaci a cikin kalorimita yake ƙarewa. Kwamfutocin kuwa ba kaɗan ba ne: cibiyoyi kusan 170 ne a ƙasashe fiye da 40 aka haɗa su suna aiki tare.

Matsalar za ta ƙaru. An tsara dakatar da LHC a tsakiyar 2026 don a ƙara mata ƙarfi, ta dawo aiki wajen 2030. A lokacin, maimakon karo kusan 60 a duk gamuwar ayari, za a riƙa samun 140 zuwa 200, kuma jimillar bayanan da za a tara za ta ninka kusan sau goma. CMS na gina sabon kalorimita mai idanu kusan miliyan 6. Kasafin sayen kwamfuta kuwa babu wanda ya yi alkawarin ninka shi sau goma.

Almajirin da ke kallon ƙarshen aiki kawai

Tunanin da ya zo shi ne: me ya sa sai an bi kowace ƙwaya? Abin da na'ura ke rubutawa a ƙarshe shi ne yawan ƙarfin da ya sauka a kowane ɗan ɗaki na kalorimita. Idan aka jera waɗannan lambobi, hoto ne, mai tsawo da faɗi da zurfi. Idan kuwa hoto ne, ana iya nuna wa manhajar koyo hotuna dubu ɗari da Geant4 ta yi, ta koyi kamanninsu, ta riƙa zana sababbi nan take.

Akwai sharaɗi guda da ya bambanta wannan da sauran aikin basirar na'ura. Ba a son amsa ɗaya. Ilektoron biyu masu ƙarfi iri ɗaya, da suka shiga ta wuri ɗaya, ba za su bar dami iri ɗaya ba, domin ƙuri'a ce tun daga tushe. Don haka abin da ake so manhajar ta koya shi ne dukan yanayin bambancin: sau nawa dami ke fara bajewa da wuri, sau nawa yake jinkiri, sau nawa yake karkata gefe. Ana ba ta ƙarfin ƙwayar da kusurwar shigarta, a haɗa mata da wasu lambobi na ƙuri'a, ita kuma ta fitar da dami sabo fil wanda bai taɓa fitowa daga Geant4 ba amma zai iya fitowa.

Hanyar farko da aka gwada ita ce GAN, wadda Ian Goodfellow da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jami'ar Montreal ta Kanada a 2014. Manhaja biyu ake haɗawa gasa. A ɗauka yaro ne ke koyon ɗinkin hula, ga kuma dillali a bakin kasuwa. Ana cakuɗa hulunan yaron da na gwanin maɗinki a miƙa wa dillali ya ware. Da farko aikin dillali ba wuya. Duk lokacin da ya gane ta yaron, yaron ya gyara hannu; duk lokacin da aka ruɗe shi, dillalin ya ƙara kaifin ido. Ana maimaita wannan sau dubbai har warewar ta gagara. Yaron bai taɓa ganin yadda gwanin ke riƙe allura ba. Hukuncin dillali kaɗai yake ji.

A 2017 masana uku a Amurka, Michela Paganini, Luke de Oliveira da Benjamin Nachman, suka fitar da CaloGAN. Sun gwada ta a kan sauƙaƙan kalorimita mai hawa uku da 'yan ɗakuna 504. Inda Geant4 ke cin kusan sakan biyu a kan dami guda, tasu manhajar, idan aka ɗora ta a kan na'urar GPU aka ce ta zana da yawa a tare, ta nuna saurin da ya kai ninki 100,000. Wannan adadi ne ya ja hankalin kowa.

Horarwar kanta tana da nata ƙaiƙayi. Yawancin ɗakunan kalorimita babu komai a cikinsu, sifili ne tsantsa, alhali manhajojin koyo sun fi son lambobi masu tafiya sannu a hankali, sai su riƙa yayyafa ɗan ƙarfi a inda bai kamata ba. Ɗakin da ke tsakiyar dami kuma yana iya ɗaukar ƙarfin da ya ninka na gefe sau dubbai, don haka sai an matse lambobin ta hanyar lissafi kafin a ba manhaja, a warware su bayan ta gama. Dole ne kuma jimillar ƙarfin da ta zana ta yi daidai da ƙarfin da aka ce ya shiga. Sannan GAN na da wata muguwar ɗabi'a: idan yaron ya gano hula guda da ke ruɗin dillali, sai ya yi ta ɗinka irinta, ya watsar da sauran samfura. Kowane dami da ya fito zai yi kyau a ido, amma tarinsu ya rasa bambancin da ake nema.

Ninki 100,000 a takarda, ninki kaɗan a aiki

ATLAS ba ta tsaya a gwaji ba. A 2021 ta gabatar da AtlFast3, tsarin kwaikwayo mai sauri da ta shigar cikin aikinta na yau da kullum. A cikinsa akwai FastCaloGAN, wadda ba manhaja ɗaya ba ce: GAN 300 aka horar, an yanka kalorimita yanki 100 bisa kusurwa, kowane yanki da manhaja uku, ta foton, ta ilektoron da ta piyon. Kuma ba a miƙa mata ragamar komai ba. An gwada ta da tsohuwar hanyar taƙaita dami da lissafin hannu, aka ba kowacce fagen da ta fi ƙwarewa. GAN ta samu piyon masu matsakaicin ƙarfi. Miyon da wasu ƙwayoyi masu ƙaramin ƙarfi aka bar wa Geant4.

Saurin da aka samu a kan karo cikakke bai kai ninki 20 ba. Wanda ya ji 100,000 a baya zai ce an yi asara, amma lissafin a fili yake. Idan kalorimita ke cin kashi 80 na lokaci, ko da an mayar da nasa sifili, kashi 20 na nan, kuma 100 a raba da 20 biyar ne. Sauran sassan na'urar har yanzu Geant4 ke binsu taki-taki. Duk da haka, ninki biyar a kan aikin da ke cin dubban kwamfutoci shekara da shekaru ba ƙaramin abu ba ne, kuma ATLAS ta yi kwaikwayon biliyoyin karo da wannan tsari.

Piyon da aka ambata sun fi ilektoron wuyar sha'ani. Suna bugun cibiyar zarra kanta, suna tafiya mai nisa kafin su fara farfashewa, kusan santimita 17 a cikin ƙarfe a matsakaici, kuma daminsu ba shi da tsari: wani ya yi reshe can gefe, wani ya ɓatar da ƙarfi wajen fasa cibiyoyin zarra inda na'ura ba ta gani, wani kuma ya haifi piyon marar caji wanda nan take yake rabewa foton biyu. Irin wannan hargitsi ne lissafin hannu ke kasa kamawa, shi ya sa manhajar koyo ta fi amfani a nan.

Wa zai tabbatar?

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta amana. A 2021 Claudius Krause da David Shih na Jami'ar Rutgers suka kawo wani gwaji mai sauƙin faɗa. Suka horar da sabuwar manhaja, dillali na waje wanda ba ya cikin gasar, suka ba shi damin Geant4 da na CaloGAN a cakuɗe. Ya ware su kusan ɗari bisa ɗari. Ma'ana, hotunan da suka yi kyau a ido, kuma suka yi daidai a ma'aunai da dama, suna ɗauke da wata alama da ke tona asirinsu. Tasu hanyar, CaloFlow, wadda ke koyon yiwuwar kowane dami kai tsaye maimakon gasa, ta fi iya ruɗin wannan dillali. Tun daga lokacin gwajin ya zama ma'auni a fagen.

Bayan haka wata hanya ta uku ta shigo, irin wadda manhajojin zana hoto kamar Stable Diffusion ke amfani da ita. Wanda ya san hunturu a kwarin Binuwai zai gane ta da sauri. Idan hazo ya taso daga Bodele ta ƙasar Chadi, dutsen Tinguelin kan dushe a hankali har ya ɓace daga idon mutanen Garwa. A wannan hanya ana ɗaukar dami na gaske a yi ta zuba masa "ƙura" ta lambobin ƙuri'a, mataki-mataki, har ya zama hazo zalla. Aikin manhajar shi ne ta koyi share ƙurar mataki guda. Idan ta ƙware, sai a ba ta hazo tsantsa wanda babu komai a bayansa, ta yi ta sharewa har dami ya bayyana. CaloScore ta Vinicius Mikuni da Nachman a 2022, da CaloDiffusion ta Oz Amram da Kevin Pedro na cibiyar Fermilab a 2023, duk wannan hanya suka bi. Ingancinsu ya yi fice. Aibinsu shi ne sharar na iya buƙatar matakai ɗaruruwa, kowane mataki kuma lokaci ne, wato abin da aka fito nema tun farko. Shi ya sa ake ta ƙoƙarin horar da ƙaramar manhaja ta koyi yin tsalle daga hazo zuwa dami a 'yan matakai.

Sai dai ko dillalin waje ya gaza warewa, akwai sauran magana. Fiziks na LHC farautar abin da ba kasafai yake faruwa ba ne. Ƙwayar Higgs tana fitowa kusan sau ɗaya a karo biliyan guda, kuma a cikin Higgs dubu, kusan biyu ne kawai ke rabewa zuwa foton biyu, ɗaya daga hanyoyin da aka gano ta. A irin wannan farauta, abin da ke ɓata lissafi shi ne baƙon dami: piyon da ya yi shigar foton, ko dami da ya huda kalorimita ya fita ta baya. Idan irin wannan na faruwa sau ɗaya a miliyan, manhajar da aka horar da misali dubu ɗari wataƙila ba ta taɓa ganinsa ba. Mazauna gaɓar Binuwai sun san wannan darasi ta wata fuska. Wanda ya yi nazarin kogin a shekaru goma na lafiya zai iya faɗin yadda ruwa ke hawa da sauka daidai, amma ba zai hango irin ambaliyar 2012 ba, wadda ta yi ɓarna daga yankin Lagdo har cikin jihohin Najeriya. Geant4 za ta iya haifar da baƙon dami domin dokokin take bi. Almajirinta abin da aka nuna masa ya sani, kuma duk kuskuren da ke jikin Geant4 shi ma ya gada. Wannan ne dalilin da ya sa babu mai shirin ajiye tsohuwar manhajar: ita ke samar da darasin horarwa, ita ce kuma ma'aunin da ake komawa gare shi.

Ƙofar da ba ta buƙatar biza

Kamaru ba mamba ba ce a CERN, kuma babu ƙasar Afirka da ke cikakkiyar mamba. Maroko ta shiga ATLAS tun 1996, Afirka ta Kudu ta bi a 2010, Masar na aiki da CMS. Gina kalorimita ko tafiyar da LHC ba abin da jami'a a yankin Sahel za ta yi mafarki ba ne. A lokacin da take tsananin aiki CERN na jan wutar da ta kai megawat 200, alhali madatsar Lagdo, wadda ta daɗe tana ɗauke da jihohin arewa uku, ƙarfinta megawat 72 ne idan ruwa ya cika, kuma a shekarun ƙarancin ruwa ba ta kaiwa.

Amma wannan reshe na binciken ya sha bamban. A 2022 masanan fagen suka buɗe gasa mai suna CaloChallenge, suka zuba bayanan horarwa a rumbun Zenodo, wanda CERN ke kula da shi, kowa ya sauke kyauta. Matakai uku ne. Na farko daga ATLAS ya fito, foton mai ɗakuna 368 da piyon mai 533. Na biyu ilektoron ne a kalorimita mai hawa 45 da ɗakuna 6,480. Na uku yana da 40,500. Rahoton ƙarshe da ya fito a 2024 ya auna manhajoji 31, kuma babu wadda ta lashe komai: masu inganci sun fi nauyi, masu sauri sun fi kuskure. An saki ma'aunan gwajin, kuma yawancin masu gasar sun saki lambobin manhajojinsu a intanet.

Abin da wannan ke nufi ga ɗalibin lissafi, fiziks ko kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ngaundere, ko a makarantar injiniyoyi ta Jami'ar Marwa, ko a Jami'ar Garwa da aka kafa a Janairun 2022, shi ne zai iya ɗaukar bayanan da masana a Hambug da Shikago ke aiki da su, ya horar da tasa manhajar, ya auna ta da ma'auni guda da nasu. Haka ɗan uwansa a Maraɗi, Yola ko Njamena. Matakin farko, mai ɗakuna ɗari uku da 'yan kai, bai fi ƙarfin kwamfutar tafi-da-gidanka mai kyau ba. Abin da ake buƙata shi ne harshen Python, lissafin yiwuwa, da Turancin Ingilishi gwargwadon karanta takardun bincike, wanda ga ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci wani tudu ne na daban.

Bai kamata a yi wa kowa romon baka ba. Mataki na uku na son GPU mai ƙarfi da zai yi kwanaki yana aiki ba tsayawa, kuma a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, wuta kuma na ɗaukewa, wannan ba ƙaramar buƙata ba ce, duk da tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage raɗaɗin. Dandalin Google Colab da Kaggle na ba da aron GPU kyauta ta intanet, amma na 'yan sa'o'i ne, sai mutum ya koyi ajiye aikinsa a kai a kai don kada yankewar layi ta cinye masa wuni guda. Kuɗin data ma nasa ne. Abin da ya fi duka wuya shi ne samun malamin da zai duba aikin ya ce nan ka kauce. A nan ne cibiyoyi irin su AIMS da ke Limbe, wadda aka buɗe a 2013, ke da amfani, da kuma Makarantar Fiziks ta Afirka da ake yi duk shekara biyu tun 2010, wadda ta zauna a Kumasi a 2012, Dakar a 2014 da Kigali a 2016. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Kétévi Assamagan, ɗan asalin Togo da ke aiki da ATLAS daga cibiyar Brookhaven ta Amurka.

Mai tambaya zai ce, me ruwan mai noman auduga a Pitowa da damin piyon? Kai tsaye, babu. Amma Geant4 ba ta tsaya a CERN ba. Da ita, da manhajar GATE da aka gina a kanta, masana ke lissafin yadda hasken gashin cutar daji ke bajewa a jikin majiyyaci, da yadda na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki ke aiki. A can ma jinkirin Monte Carlo matsala ce, kuma a 2019 David Sarrut da abokan aikinsa a birnin Liyon na Faransa suka nuna cewa GAN na iya maye gurbin manyan fayilolin da ke bayyana hasken da ke fitowa daga injin gashi. Haka kuma masu auna tururin ƙasa a yankunan da ke da yuraniyom, irin Poli a kudu da Garwa ko Arlit a Nijar, suna dogara da na'urorin gano hasken gamma, waɗanda ake yawan tantance ingancinsu da irin wannan kwaikwayo. Wanda ya koyi horar da manhaja a kan dami, ya kuma koyi yadda ake kama ta idan ta yi ƙarya, ya riƙe sana'ar da asibiti da hukumar kare jama'a daga tururi ke nema.

A fagen kansa akwai ayyukan da ba a gama ba, kuma ba duka ke buƙatar babbar kwamfuta ba. Bayanan gasar an jera su a tsari mai kyau kamar layukan gona, alhali kalorimita na gaske yana da ɗakuna masu girma daban-daban, da tsaguna, da wuraren da wayoyi suka ratsa. Sabon na CMS ma ɗakunansa masu kusurwa shida ne. Wasu masana sun koma ɗaukar dami a matsayin tarin ɗigo-ɗigo a sarari maimakon hoto, don manhaja ɗaya ta yi aiki a kowace irin na'ura. Wasu na gwada horar da babbar manhaja a kan kalorimita iri-iri, sannan a ɗan gyara ta da misalai kaɗan idan sabuwar na'ura ta zo. Ana kuma ci gaba da muhawara a kan ko manhajar da aka horar da dami dubu ɗari, ta zana miliyan goma, ta ƙara wani sani na gaske ko kuwa ta maimaita dubu ɗarin ne da sabon tufafi. Binciken da aka yi ya nuna ana samun ƙari, amma mai iyaka, kuma iyakar ta danganta da irin tambayar da aka yi wa bayanan.